Jaririya ta yi jijjiga bayan an ba ta ruwa: ta yaya ruwan sha ke kumbura ƙwaƙwalwa?

Gwaggon Jaririya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun shekaranjiya hankalina bai kwanta ba. Ɗiyar ƙanena ce, watanta uku. Kun ga irin zafin da ake zubawa a Damagaram kwanakin nan, ga kuran ba ya zama. Yarinya ta yi ta kuka, sai aka riƙa ɗura mata ruwa da cokali tun safe, madarar gwangwanin da ake haɗa mata da nono kuma aka tsinka ta don ta kai ƙarshen wata. Da la'asar sai jikinta ya saki, ta ƙi kama nono, can sai jijjiga. Da muka kai ta asibiti aka auna jini, aka ce gishirin jininta ya sauka zuwa 119, wai ruwa ya shiga ƙwaƙwalwa. Alhamdu lillahi ta farfaɗo. Tambayata biyu: ruwa tafasasshe mai tsabta, ta yaya zai kumbura ƙwaƙwalwa? Kuma don me likita ya ce ba zai mayar da gishirin gaba ɗaya ba, sai kaɗan-kaɗan?

Baba na Birni: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya raya ta. Amma ƴata, ruwa ba ya tsami banza, a duba ko akwai wani ciwon daban. Mu duk da ruwa aka raine mu. Yaro yana kuka cikin wannan rana, a ce kada a jiƙa masa maƙogwaro? Ni abin bai shige ni ba.

Ungozoma: Baba, ku yi haƙuri in sa baki. Nonon uwa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, kuma da gishirinsa daidai jikin yaro. Jaririn wata uku nauyinsa bai wuce kilo 5 ko 6 ba, ƙodarsa kuma ba ta nuna ba. Kofi guda na ruwa a gare shi daidai yake da babba ya shanye wajen lita 3 a zama ɗaya. Shi ya sa muke ta roƙon mata: kafin wata 6, nono zalla.

Ɗalibin Likita: Gwaggo, sannu da jinya. Ki tuna in kin barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa yadda take tsatsafo ruwa, ko busasshen tumatir yadda yake cika in an jiƙa shi. Ruwa kullum gefen da ya fi kauri yake bi. Jikinmu ƙwayoyin halitta ne, kowace lulluɓe da tantaninta kamar ƴar mitsitsiyar salka. Ruwa yana ratsa tantanin nan ba wahala, gishiri kuwa sai ta ƙofa. Gishirin jinin da aka auna shi ake kira sodiyom. Sodiyom na lafiyayyen jini tsakanin milimol 135 da 145 yake a kowace lita. Da ya koma 119, cikin ƙwaya ya fi jini kauri, sai ruwa ya kwarara ciki.

Ƙwayar tsoka in ta kumbura tana da wurin buɗawa. Ƙwaƙwalwa ba ta da shi. Tun 1783 Alexander Monro na Edinbara ya lura cewa ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗawa. Abu uku ke ciki: ƙwaƙwalwa, jini, da ruwan da take iyo a cikinsa. In ɗaya ya ƙaru dole wani ya matsa. Kumburin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba ya isa ya danne jijiyoyin da ke riƙe da numfashi. Jariri yana da ɗan sauƙi saboda maɗiga ba ta rufe ba, amma kaɗan ne.

Abin da ke hana ƙwayar fashewa kuwa ƙwarangwal ɗinta ne. A cikin kowace ƙwaya akwai zaruruwa iri uku: aktin, mai kaurin nanomita 7 (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya), matsakaita masu nanomita 10, da mikrotubul masu nanomita 25, su kamar kara suke, cikinsu rami. Aktin yana saƙe a ƙarƙashin tantani kamar ragaya ta riƙe ƙwarya, shi ke ɗaure ta kada ta wuce iyaka.

Malamin Lise: Ɗana, bayaninka ya yi kyau har zuwa sakin layi na ƙarshe. A nan kam ban yarda ba, kuma lissafi ne ya hana ni. Kowane miliosmol ɗaya (shi ne ma'aunin kaurin ruwa) na bambancin kauri tsakanin ciki da waje yana jawo ruwa da ƙarfin da ya kai wajen milimita 19 a ma'aunin nan da ake auna hawan jini. Sodiyom ya sauka daga 140 zuwa 120, kaurin jini ya ragu da wajen 40 ke nan, tunda kowane sodiyom da abokin tafiyarsa, kulor, wanda su biyun ne ke haɗuwa su zama gishiri. 40 sau 19, 760. Kusan rabin iskar tayar ƙaramar mota. Ragar aktin kuwa abin da aka auna tana iya tokarewa bai kai milimita 10 ba. Ina 10 ina 760?

Mai tokare ruwa da ƙarfi ita ce ƙwayar tsiro, don tana da katanga mai tauri. Shi ya sa yakuwa ke miƙewa tsaye in an ba ta ruwa. Ƙwayar dabba ba ta da katanga. Shekara da shekaru ina ganin yara suna rubuta mini wannan kuskure a takarda, kuma yana damuna, don yana rufe musu abin da ya fi ban mamaki.

Makaniken Zengo: Malam, to in ba da ƙarfi ba, da me take tsira? Mu dai tiyo in ruwa ya fi ƙarfinsa fashewa yake.

Malamin Lise: Da dabara. In tumaki suka cika maka tsakar gida saboda dusa, ba kokawa za ka yi da su ba. Ɗauki dusar ka kai waje, su bi ta. Haka ƙwaya take yi. Da ta kumbura sai ta buɗe ƙofofi, fotasiyom da kulor su fita, ruwa ya bi su. Wannan cikin mintoci yake farawa. In abin ya daɗe sai ta shiga fitar da wasu ƙananan kayanta: torin, gulutamat, inozitol. Kafin kwana biyu ta kusa komawa girmanta, amma fa ta talauce.

Babbar ƙofar da ke wannan aiki, VRAC, an fi shekara 20 ana auna wutar da ke bi ta cikinta ba a san da me aka gina ta ba. Sai 2014 ɗakunan bincike biyu suka gano a lokaci guda cewa furotin ne mai suna LRRC8A: na Thomas Jentsch a Balin, da na Ardem Patapoutian a Kalifoniya, haifaffen Bairut, wanda ya samu kyautar Nobel a 2021 a kan wasu ƙofofin masu jin taɓi.

Kuma ko lafiya lau, ƙwaya ba ta hutawa. Cikinta cike yake da furotin da ba sa iya fita, kullum suna jawo ruwa. Abin da ke tsare ta famfo ne da Jens Skou na Danmak ya gano a 1957: kowane juyi ya fitar da sodiyom 3, ya shigo da fotasiyom 2. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kashi 20 na kuzarinsa, kuma babban rabo na wannan famfo ne.

Makaniken Zengo: Yanzu na kama. Rami ne mai tsatstsafo, inji na ta zuƙa. Mai ya ƙare, rami ya cika.

Malamin Lise: Shi ke nan. Abin da ke faruwa ke nan a shanyewar ɓarin jiki: jijiya ta toshe, sukari da iska ba su isa ba, famfo ya tsaya, sodiyom ya shiga, ruwa ya bi shi.

Ɗalibin Likita: Mushe, na karɓi lissafin, kuma na janye kalmar ɗaurewa. Amma ku bar ni in kare ƙwarangwal, don yadda kuka faɗa kamar ba shi da aiki.

Tantanin ƙwaya ba roba ba ne. In aka ja shi ya ƙaru da wajen kashi 3 cikin 100 sai ya yage. Amma a ɗakin gwaji ƙwaya takan ninka girmanta ba ta fashe ba. Ina ta samo ƙarin tantani? Da ma yana nan a naɗe, kamar babbar riga da aka tattare a kafaɗa, kuma aktin ne ke riƙe da naɗin. Da kumburi ya zo sai zaren aktin ya sassauta, ya warware, rigar ta sauka. In ruwa ya fita ya sake saƙuwa ya tattare ta. Wannan shi ke ba ƙwaya lokacin da za ta fitar da dusar taku.

Sannan a ƙwaƙwalwa ba ƙwayoyin jijiya ne ke fara kumbura ba. Akwai masu yi musu hidima, astrosit, masu siffar tauraro, da suke miƙa ƙafafu su lulluɓe ƙananan hanyoyin jini. A tafin ƙafafun nan aka jera ƙofofin ruwa, akwaforin ta 4, dangin waɗanda Peter Agre ya bayyana a 1992 har ya samu Nobel a 2003. Me ya tsayar da su a daidai bakin jini ba su watse ko'ina ba? Turke ne: furotin sintrofin ya riƙe ƙofar, distrofin ya riƙe sintrofin, shi kuma distrofin yana ɗaure da aktin. Ɓerayen da aka cire musu sintrofin, ƙofofin sun bar bakin jini, kuma masu bincike na Oslo sun nuna a 2003 cewa kumburinsu ya ragu bayan an toshe musu jijiyar ƙwaƙwalwa. Wanda ya zaɓi inda ƙofa za ta zauna, za a ce ba ruwansa da shigar ruwa?

Ga na uku. Matsakaitan zaruruwan astrosit, GFAP da bimentin, an cire su a ɓeraye a Suwidin, aka buga sakamakon a 1998. Da aka sa ƙwayoyin a tsinkakken ruwa, torin ɗin da suka fitar bai kai na lafiyayyu ba.

Malamin Lise: Madalla, wannan ita ce magana. Naɗin riga da turken ƙofa na yarda da su ɗari bisa ɗari. Inda nake jan ƙafa shi ne a ce ƙwarangwal ne ke gaya wa ƙwaya ta kumbura. An sha zuba wa ƙwayoyi sitokalasin, dafin da ake samu daga naman gwari mai wargaza aktin. A wasu ƙwayoyin komawar girma ta tsaya, a wasu ba abin da ya canza, a wasu ma ƙofar kulor ta ƙara buɗewa. Kuma a 2016 mutanen Patapoutian sun ciro ƙofar LRRC8 ita kaɗai suka dasa a tantanin da aka haɗa da hannu, babu aktin ko ɗaya. Da aka rage gishirin gefen ciki sai ta buɗe. Ke nan ƙofar da kanta tana ɗanɗana cewa miya ta tsinke.

Ɗalibin Likita: Ƙofa a tantanin gwaji daban, ƙofa a ƙwaya mai rai daban, Mushe. Don ta iya buɗewa ita kaɗai ba ya nuna a gida ba mai riƙe da linzaminta.

Malamin Lise: Haka ne. Amma nauyin kawo hujja a kanka yake.

Gwaggon Jaririya: Ina biye da ku, wallahi na ƙaru. Sai dai tambayata ta biyu tana nan.

Likitan Yara: Hajiya, afuwan, yanzu na fito daga aiki. Amsarki tana cikin kalma ɗaya da Malam ya faɗa: ƙwayar ta talauce. Yaro yana jijjiga, ba ma jira. Muna ba shi ruwan gishiri mai kauri, na kashi 3 cikin 100, mu ɗaga sodiyom da 4 zuwa 6 nan take, ruwa ya ja baya daga ƙwaƙwalwa, jijjiga ta tsaya. Daga nan sai mu ja birki. In sodiyom ya kwana biyu a ƙasa, ko ba mu da tabbacin lokacin da ya fara sauka, ƙwaƙwalwa ta riga ta zubar da kayanta ta daidaita da tsinkakken jini. Fitar da kayan kwana biyu ne, dawo da su kuwa yana cin kwana biyar ko fiye. In muka mayar da jini 140 a dare ɗaya, ya fi ƙwaya kauri nesa ba kusa ba, sai ya tsotse ta. Astrosit su fara mutuwa, rufin jijiyoyi ya saɓule, musamman a gindin ƙwaƙwalwa. An fara bayyana wannan ciwo a 1959. Mutum zai yi kamar ya warke, bayan kwana biyu zuwa shida magana ta ɗauke, haɗiya ta gagara, gaɓoɓi su mutu. Shi ya sa ba ma wuce 8 zuwa 10 cikin awa 24. Wanda ya ce miki kaɗan-kaɗan ya san aikinsa.

Akwai kishiyar wannan, kuma ita ma muna ganinta a nan. Yaro ya yi gudawa kwana uku cikin zafi, ko an dama masa ruwan gishiri da sukari a kofi maimakon lita, sodiyom ya haura 160. Ƙwayoyin sun yanƙwane, sai su jawo sodiyom da kulor ciki, su tara inozitol da torin don su riƙe ruwansu. In aka zo aka kwarara masa ruwa marar gishiri da sauri, kayan da suka tara su ne za su zuƙo shi, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Don Allah mata a kiyaye: ƙunshin SRO ɗaya, wato garin gishiri da sukarin nan na gudawa, lita ɗaya cur. Tun 2002 aka daidaita shi a kan sodiyom 75 da gulukos, wato sukari, 75, ba a ƙara masa ba a rage.

Kumburin nan kuma ba na ruwan sha kaɗai ba ne. A Bulantaya ta Malawi an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 168 da zazzaɓin cizon sauro ya sumar, aka buga a 2015. Cikin 25 da suka rasu, 21 suna da mummunan kumburi. Cikin waɗanda suka rayu, kashi 27 cikin 100 ne kawai. Sanƙarau ma da ke ziyartarmu da rani, kumburi na cikin abin da yake kisa da shi. Duk damina ina tuna alƙaluman nan in an shigo mini da yaro daga ƙauyukan Mirya ko Magarya bayan ya kwana biyu a sume.

Baba na Birni: Likita, Allah Ya saka. Maganar gudawa na gane ta, don mun binne yara da yawa a kanta. Amma ku amsa mini wannan. In ƙwaƙwalwa tana gyara kanta haka, tana daidaitawa da duk yadda jini ya koma, to wa ke gaya mini ina jin ƙishirwa? Da azumi, kafin la'asar maƙogwaro ya bushe. Da ta daidaita ai da ban ji komai ba.

Ɗalibin Likita: Baba, tambayarku ta kawo mini hujjar da Mushe ya nema. A ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen da ake kira hifotalamus, akwai ƴan ƙwayoyin jijiya da aikinsu shi ne ɗanɗana jini. Su ba sa gyara girmansu kamar sauran. In jini ya yi kauri suka yanƙwane, haka za su zauna a yanƙwane har ku sha ruwa, don in suka gyara, labari ya ɓace. Bambancin kashi 1 ko 2 cikin 100 ya ishe su.

Charles Bourque da abokan aikinsa a jami'ar McGill ta Kanada sun leƙa cikin irin waɗannan ƙwayoyin. Sun tarar da aktin mai kauri a ƙarƙashin tantani, da mikrotubul a sarƙe kamar saƙar zana, ba kamar na sauran ƙwayoyi ba, kawunansu na tokare da wata ƙofa dangin TRPV1, wadda a harshe ita ke jin yajin barkono. In ƙwaya ta yanƙwane tantani ya matso ciki, karan ya tokari ƙofar ta buɗe, ƙwaya ta ɗau harbi. Wannan a 2014 suka nuna shi. Da suka wargaza aktin ko mikrotubul, ƙwayar ta yanƙwane yadda ta saba amma ta kurumce. Da suka ƙarfafa zaren, jinta ya ƙaru. Kamar kalangu ne: makaɗi ya matse igiyoyi a hammata, fata ta canza murya. Tsinke igiyoyin, ka matse har gobe murya ɗaya ce.

Harbin nan shi ke sakin bazofiresin, sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsarin mai azumi ke raguwa ya yi ja. Ƙishirwar kuma daga maƙwabtansu take tasowa, masu ɗanɗana jini su ma.

Malamin Lise: A waɗannan ƙwayoyin na sallama, kuma da farin ciki. Can ƙwarangwal kunne ne. Abin lura, ƙwayar da ta fi kowa amfani da ƙwarangwal wajen jin girmanta ita ce wadda ba ta gyara girman. Astrosit kuwa, mai gyarawa, muhawararmu a kanta tana nan. Ka turo mini takardar Suwidin ɗin in karanta da kaina, ina son in ga da nawa torin ɗin ya ragu.

Baba na Birni: Ikon Allah. To mu da muke shanye moɗa biyu uku da an kira magariba fa?

Likitan Yara: Ba komai Baba, in ƙoda lafiya take. Ta babba tana iya fitar da kusan lita ɗaya a awa, ga kunu da abinci suna kawo gishiri. Waɗanda muke ja wa kunne su ne masu ciwon ƙoda, zuciya ko hanta, da tsofaffi masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari, don shi yakan saukar da sodiyom.

Baba na Birni: Na ji. Amma har yanzu tausayin jaririn nake ji. Ana zafi sama da 40, uwa ta yi yaya?

Ungozoma: Ta ƙara ba shi nono, Baba, ko sau 12 ne a yini da dare. Nonon da ke fara fita duk sanda yaro ya kama tsinkakke ne, shi ke kashe ƙishirwa. Ruwan a ba uwar ta sha. A rage masa tufafi, a shafe shi da jiƙaƙƙen zane, a zauna da shi inda iska ke bi. In ana haɗa madara, awon da aka rubuta a gwangwani shi za a bi. In kuɗi ya gaza a zo a gaya mana mu taimaka nono ya ƙaru, kada a ƙara ruwa. Kuma ku da ake jin maganarku a gida, ku gaya wa kakanni mata, don sau da yawa cokalin a hannunsu yake. A riƙa taɓa maɗiga yaro na zaune ba ya kuka: in ta faɗa ciki ruwa ya ƙare masa, in ta taso ta yi tauri a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Gwaggon Jaririya: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Yanzu ƙanena ya kira ni. Awon safiyar yau 134, ta kama nono sau uku tun asuba, an ce in ta kwana haka gobe za a sallame su. Ungozoma, zan biyo ki da uwar ranar Alhamis in Allah Ya kai mu, don nononta ya ragu tun da aka fara madarar nan.